Amsar Takardunku: Tarihin Rabon Gurabe Bayan Kakar Ƙwallo, Daga Amurka Har Katsina

Takardu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya, dukkansu kuwa daga kudancin Jihar Katsina, don haka muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

Ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Ƙanƙara. Bayan gaisuwa, ya ce ya ji a labarin wasanni cewa a Amurka, idan kakar ƙwallon jami'o'i ta zo ƙarshe, akwai mutanen da aikinsu ke nan su kintaci inda za a tura kowace jami'a ta yi wasanta na ƙarshe, yana so ya san asalin abin. Ta biyu daga wani ɗan kasuwa ne a Faskari, wanda gardama ta sarƙe tsakaninsa da abokansa a rumfa: shin gaskiya ne Katsina United ta taɓa wakiltar Nijeriya a gasar Afirka alhali ba ta ci kofi ba? Ta uku kuwa wani manomi ne daga Sabuwa, shi tambayarsa ta fi nauyi. Ya ce ƙannensa suna bin masu hasashen ƙwallo a waya, har suna zuba kuɗin da aka samu da kaka, shin waɗannan mutane sun san abin da suke faɗa kuwa?

To, mun gode da takardunku. Bari mu fara da Amurka, mu gangaro gida.

Da farko dai, Malam na Ƙanƙara, ƙwallon da ake magana a kai ba irin tamu ba ce. Ƙwallo ce mai tsini biyu kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta a ruga, ta fi kama da zari-ruga. A can jami'o'i suna da ƙungiyoyi masu magoya baya fiye da yadda za ka zata, akwai filayen jami'a da ke cin mutum sama da dubu ɗari. Suna fara kaka wajen ƙarshen watan Agusta su gama a farkon Disamba, wato kusan daidai da lokacin da kai kake yankan dawa kana sussuka. Daga nan sai a shiga wasannin bayan kaka, waɗanda suke kira Bol.

Asalinsu daga wani gari ne, Pasadena, a Jihar Kalifoniya. Mutanen garin suna bikin furanni kowace ranar 1 ga Janairu, sai a 1902 suka ce bari su gayyato jami'o'i biyu su kara don bikin ya ƙara armashi. Jami'ar Michigan ta zo ta lallasa ta Stanford da ci 49 ba ko ɗaya, har 'yan Stanford suka ce a tsaya haka tun lokaci bai cika ba. Abin bai yi wa masu bikin daɗi ba, suka ajiye ƙwallo suka koma tseren keken doki, sai a 1916 aka dawo da ita. A 1922 aka gina babban fili mai siffar kwano, kalmar Bol kuwa kwano take nufi a Turanci, shi ne filin Rose Bowl. Idan ka kalli wasan ƙarshe na kofin duniya na 1994 tsakanin Brazil da Italiya, wato shekarar da Nijeriya ta fara zuwa gasar, to a cikin wannan kwanon aka yi shi.

Wasu garuruwa suka ga ana samun baƙi da ciniki, su ma suka buɗe nasu, har yawansu ya kai wajen arba'in. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, waɗannan wasanni gayyata ce. Yawanci sai jami'a ta ci wasa shida cikin goma sha biyu kafin a dube ta, amma bayan wannan akwai yarjejeniya tsakanin masu shirya wasan da rukunonin jami'o'i, sannan masu shiryawa suna duba wace jami'a ce magoya bayanta za su yi tattaki su zo su sayi tikiti, su kama ɗaki, su ci abinci. Kamar mai shirya dambe ne da kaka, ba lalle ya kira wanda ya fi kowa ƙarfi ba, wanda zai cika masa fili yake nema. Shi ya sa mai hasashe a can ba teburin maki kaɗai yake dubawa ba, sai ya san takardun yarjejeniya, ya kuma san halin masu gayyata.

Shekaru da yawa 'yan jarida da masu horarwa ne ke jefa ƙuri'a su ce ga zakara, wani lokaci a sami zakara biyu a shekara ɗaya, kamar yadda aka yi a 1997. A 1998 aka shigo da lissafin kwamfuta, bai hana gardama ba. A 2014 aka kafa kwamitin mutum 13 su zaɓi jami'o'i huɗu da za su yi takarar kofi. Sai ga shi a Disamban 2023 jami'ar Florida State ta ci dukkan wasanninta 13, ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, amma kwamitin ya tsallake ta ya ɗauki Alabama wadda aka taɓa dokewa. Dalilinsu shi ne babban ɗan wasan Florida State, Jordan Travis, ya karye a ƙafa, don haka a ganinsu ƙarfinta ya ragu. A ganinmu wannan hukunci bai yi wa yaran adalci ba, amma haka aka yi. Daga kakar 2024 aka faɗaɗa gurabe suka zama 12.

A nan gida jami'o'inmu suna da wasanninsu na NUGA tun 1966, sai dai ba su da irin wannan kasuwa. Abin da ya yi kama da na Amurka a wurinmu shi ne rabon guraben zuwa gasar Afirka idan kaka ta ƙare. Nan ne maganar Malam na Faskari ta shigo.

Tsohuwar gasa a ƙasar nan ita ce ta kofin ƙalubale. An fara ta a 1945 da sunan Kofin Gwamna, zamanin Gwamna Richards, kuma da farko 'yan Ikko ne kaɗai ke yinta. Ƙungiyar Kano ce ta fara fitar da kofin daga Ikko a 1953. Gasar rukuni ta ƙasa kuwa, wadda ake tara maki gida da waje, sai a 1972 aka fara ta, Mighty Jets ta Jos ta zama zakara ta farko, Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana da gasar zakarun ƙasashe tun tsakiyar shekarun 1960, a 1975 ta ƙara wata ta waɗanda suka ci kofin ƙalubalen ƙasarsu. Ka ga ƙofa biyu ke nan: zakaran rukuni ya bi ta ɗaya, mai kofin ƙalubale ya bi ta ɗayar. Ta ƙofa ta biyu ce IICC ta Ibadan ta ciyo kofi a 1976, Rangers ta Inugu a 1977, BCC Lions ta Gboko a 1990. Ranchers Bees ta Kaduna ma ta kai wasan ƙarshe a 1988.

To idan ƙungiya ɗaya ta haɗa kofunan gida biyu fa? Ba za ta raba kanta biyu ba. Sai ta tafi gasar zakaru, gurbi na biyu kuma ya faɗa hannun wadda ta doke a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale.

Abin da ya sami Katsina United ke nan. A 1995, lokacin Jihar Katsina ba ta ma cika shekara goma da kafuwa ba, ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe, Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta da ci biyu da nema. Amma a wannan shekara Shooting Stars ita ce kuma zakaran rukuni. Faɗuwa ta zo daidai da zama, Katsina United ta sami tikitin gasar masu kofi ta Afirka ta 1996. Saboda haka, Malam na Faskari, kai ne da gaskiya idan kai ne ka ce ta je, abokanka su saya maka goro. Ba kuma a kanta aka fara ba, shekara ɗaya kafin nan BCC Lions ta haɗa kofi biyu, Julius Berger da ta sha kashi a hannunta ta tafi Afirka har ta kai wasan ƙarshe a 1995.

Yanzu ka dubi abin mamaki. A 1996 Katsina United ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Julius Berger ta yi mata ɗaya mai ban haushi. A 1997 ta koma karo na uku a jere, BCC Lions ita ma ta yi mata ɗaya. Dattawan da suka bi waɗannan wasanni a rediyo har yau abin yana musu ciwo. Sakamako iri ɗaya ne sau uku, ta zo ta biyu, amma sau ɗaya kawai wannan ƙofa ta buɗe mata, domin a 1996 Udoji United ce zakaran rukuni, a 1997 kuma Eagle Cement, waɗanda suka ci kofin ƙalubale suka riƙe gurbinsu. Wato makomar Katsina ba a ƙafar 'yan wasanta kaɗai take ba, tana rataye da abin da wata ƙungiya ta yi a wata gasa dabam. Wanda duk ya kintata bai san wannan ƙa'ida ba, ko ya dace sa'a ce kawai.

A 2004 CAF ta haɗe ƙananan gasanninta biyu suka zama kofin Confederation, ta kuma ce ƙasashe 12 da ƙungiyoyinsu suka fi taɓuka abin kirki za su riƙa kawo biyu-biyu a kowace gasa. Tsarin da aka fi bi a Nijeriya a 'yan shekarun nan shi ne, ta ɗaya da ta biyu a Firimiya su tafi gasar zakaru, ta uku da mai kofin ƙalubale su tafi Confederation. Amma idan ƙasa ta zame daga cikin goma sha biyun nan, gurabe huɗu sai su koma biyu. Hakan ta faru da mu a kakar Afirka ta 2018 zuwa 2019.

Ita wannan shekara ta 2018 ta isa darasi. Rikicin shugabanci ya ɓarke a hukumar ƙwallon ƙasa tsakanin ɓangaren Amaju Pinnick da na Chris Giwa, gasar Firimiya ta tsaya bayan wasa 24, ba a koma ba. Aka zauna a ofis aka ce Lobi Stars ta Makurɗi, da ke kan gaba a lokacin, ita za ta tafi gasar zakaru, kuma babu wadda za ta faɗa rukunin ƙasa. Saura gurbi ɗaya, na kofin ƙalubale. A wasan ƙarshe a Asaba, Kano Pillars ta zura wa Rangers uku ba ko ɗaya. Masu gidajen kallo sun fara tafi, wasu har sun fara lissafin ƙasar da Pillars za ta fara zuwa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: can wajen ƙarshen wasa Rangers ta farke ukun nan duka, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta ɗauke kofin da tikitin.

A 2019 Pillars ta huce haushi, ta ci kofin a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes ta Minna a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Amma da yake Pillars ta riga ta zo ta biyu a Firimiya, tana da gurbin gasar zakaru, sai Tornadoes ta gaji gurbin Confederation, irin gadon da Katsina ta ci a 1995. Abin dariyar shi ne a wannan kaka ɗin Tornadoes ta faɗa gasar 'yan dagaji. Ƙungiyar da ba ta iya riƙe matsayinta a gida ba, ita ce ta ɗauki tutar ƙasa ta fita waje. Wane mai hasashe ne ya faɗi haka a farkon kaka?

A 2020 kuma annobar korona ce ta tsayar da gasa a watan Maris. Ƙungiyoyi ba su yi wasa daidai da juna ba, Enyimba ta Aba tana da kwantan wasanni saboda tafiye-tafiyen Afirka. Aka ce to a raba makin kowace ƙungiya da yawan wasannin da ta buga. Da wannan lissafi Plateau United ta zo ta ɗaya, Enyimba ta sami gurbi na biyu na gasar zakaru, Rivers United ta yi ta ƙorafi cewa an ƙware ta, amma dole ta tafi Confederation. Kano Pillars ta bi ta, don ba a yi kofin ƙalubale a shekarar ba, aka ce mai riƙe da shi tun 2019 ya je. Ka ga a nan alƙalami da takarda ne suka raba gurabe huɗu, kamar dai kwamitin nan na Amurka.

Ba hawa kaɗai ake yankewa a ofis ba, har da sauka. A watan Afrilun 2022 Katsina United ta je wasa Kano, 'yan kallo suka tayar da hargitsi, aka farfasa motar 'yan Katsina, hukumar gasa ta yanke wa Pillars maki uku ta kuma ci ta tara. A ƙarshen kakar, maƙwabtan biyu duka suka faɗa rukuni na biyu, tare da Heartland da MFM. Pillars ɗin nan fa ita ce ta ci Firimiya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ita ce ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka, ita ce kuma ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. A 2023 su biyun suka sake haurowa tare, ta hanyar gasar ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba bayan kaka.

Yanzu sai Malam na Sabuwa. Tambayarka ita ce ko masu hasashe sun san abin da suke faɗa. Amsa ita ce, iri biyu ne. Akwai mai nazari, wanda zai ce maka ga makin kowa, ga wasannin da suka rage, ga waɗanda za a yi a gida, ga ƙa'idar rabo ta bana. A gasar Nijeriya mai gida ne ya fi cin wasa, nasara a waje tana da wuya, don haka wanda ya ƙirga wasannin gida da suka rage wa ƙungiya yana da abin dogaro. Irin wannan mutum kamar ɗan kasuwar hatsi ne a Dandume da zai dubi damina, ya dubi kuɗin taki, ya ce masara za ta yi tsada da bazara. Sau da yawa yakan dace. Amma kai da kanka ka san shekarar da gwamnati ta buɗe iyaka ko ta shigo da hatsi, farashi ya karye, wanda ya ɓoye buhuna ya kwana ciki. Bai yi ƙarya ba, abin da ba ya hannunsa ne ya shigo. Mai nazari na gaskiya yakan ce mai yiwuwa, ba ya rantsuwa.

Na biyu shi ne mai cewa yana da tabbas, a turo masa kuɗi ya faɗi sakamako. Wannan ko dai cinikin biri a sama yake yi da ƙannenka, ko kuwa, idan da gaske ya sani, to an sayar da wasan ne, wanda laifi ne babba. An taɓa ganin irinsa a fili. A watan Yulin 2013 aka yi wasannin neman hawa rukuni a Bauchi. Ƙungiyoyi biyu, Plateau United Feeders da Police Machine ta Adamawa, suka yi kunnen doki a maki, wadda ta fi yawan ƙwallaye ita za ta haura. Kowace tana wasanta a lokaci ɗaya, kowace tana jin labarin ɗayar. Da aka tafi hutun rabin lokaci Feeders tana cin Akurba 7, Police Machine tana cin Babayaro 6. Da aka tashi, Feeders ta ci 79 ba ko ɗaya, Police Machine 67 ba ko ɗaya. Ka lissafa da kanka, ƙwallo 72 cikin minti 45, ko ɗauko ƙwallo daga raga a kai tsakiyar fili ya fi ƙarfin wannan lokaci idan da gaske ake yi. Labarin ya zagaye duniya, hukumar ƙwallon ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da jami'ansu harkar ƙwallo har abada, ƙungiyoyin huɗu kuma aka dakatar da su shekara goma. Babu wadda ta haura a cikinsu.

Akwai kuma lissafin da ya kamata ƙannenka su sani, tunda kuɗin gona ne ke tafiya. Kamfanin caca yana tsara ribar da zai biya ne ta yadda kasonsa zai fita ko wa ya ci, kamar dillali ne da la'adarsa ba ta ciwon kai, ko mai saye ya yi riba ko ya faɗi. Sannan yawancin samari ba wasa ɗaya suke kintata ba, jera goma suke yi a takarda ɗaya don ribar ta yi yawa. A ce kowane wasa rabi da rabi ne, ko a dace ko a rasa, to dacewa da goma a jere sau ɗaya ne cikin 1,024. Wasan ƙwallo kuwa ba fuska biyu gare shi ba, uku ne, domin akwai canjaras. Idan aka bi ta wannan, goma a jere sau ɗaya ne cikin 59,049. Wanda ya san ƙwallo zai rage wannan tazara, amma ba zai share ta ba, kuma kamfanin ma yana da nasa masanan da yake biya albashi.

Kofin ƙalubale dai har yanzu bai daina ba masu hasashe kunya ba. A 2021 Bayelsa United ta ɗauke shi tana rukuni na biyu, ta tafi Afirka ta bar manya a gida. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, wadda rabonta da kofin tun 1992, ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema, ita ma a kakar da ta buga a rukuni na biyu. A 2025 Kwara United ce ta ci, wadda ta kara da ita a wasan ƙarshe kuwa, Abakaliki FC, daga rukunin ƙasa ta fito, sai da aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida kafin a rabu.

Da fatan masu tambaya daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun gamsu. Sauran takardun da ke hannunmu sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.